Fashin baƙi: Idan gem ya ƙi tashi bayan an saka masa cip, ina matsalar take?

Wai shin me ke sa gem ɗin da yake aiki lafiya lau da safe ya koma baƙin allo da yamma, don kawai an buɗe shi an saka masa cip? Cip ɗin ne jabu, mai gyara ne ya yi ɓarna, ko kuwa kamfanin ne ya gano ya kashe shi daga can nesa?

Tambayar ta ƙara ƙarfi tun watan Yunin 2025, lokacin da kamfanin Nintendo ya fitar da Switch 2, aka kuma fara jin cewa ya toshe wa wasu na'urorin hanyar shiga intanet saboda an zura musu wani kaset na kwafi mai suna MIG. Wata guda kafin nan kamfanin ya sabunta yarjejeniyarsa da masu amfani da kayansa a Amurka, ya rubuta cewa yana da ikon mayar da na'urar da aka yi wa kutse ta daina moruwa. Irin wannan labari idan ya bi baki zuwa baki, sai ya koma "yanzu kamfani na kashe duk gem ɗin da aka yi wa cip", har mai gidan gem da ke da tsofaffin PS2 ya fara zargin Sony idan ɗaya ya ƙi tashi.

Abubuwa uku ne daban aka cakuɗa. Akwai toshewa daga kamfani, wadda ba ta hana na'ura kunnuwa, intanet ɗin kamfanin kawai take hana ta shiga. Akwai lalacewar manhajar da ke tayar da na'ura. Sai kuma matsalar haɗi, wato waya ko dalmar da ba ta zauna inda ya kamata ba. Ta ukun ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba, ita ce ta fi sauƙin gyara, kuma ita ce aka fi saurin yanke wa hukuncin "fanel ya mutu", wato babban allon kayan lantarkin da ke cikin gem. PS2 da ke buga PES a rumfa, bai taɓa ganin intanet ba, babu yadda za a yi wani a Tokyo ya kashe shi.

Mene ne cip, kuma me yake yi a ciki?

Cip ƙaramin fanel ne da bai wuce 'yan santimita ba, ana liƙa shi da wayoyi a jikin babban fanel ɗin gem domin ya tsallakar da na'urar daga binciken da kamfani ya ɗora mata. Iri biyu ne manya, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin gano matsala.

Na farko mai faɗa wa na'ura abin da take son ji ne. Lokacin da PlayStation na farko ya fito a Japan a 1994, kamfanin Sony ya ɓoye wata shaida a farkon kowane faifai na asali, cikin 'yar karkacewar layin faifan wadda injin kwafi ba ya iya bugawa. Haruffa huɗu ne: SCEI na Japan, SCEA na Amurka, SCEE na Turai. Idan na'ura ba ta ji haruffan yankinta ba, ba za ta buɗe wasa ba. Cip na wancan zamani aikinsa kawai ya riƙa aika haruffan da kansa, kuma waya huɗu ta ishe shi. Da PS2 ya zo a 2000 sai tsaro ya ƙaru. Cip irin su Matrix Infinity da Modbo dole su yi magana da sashen da ke kula da faifai, su kuma sauya wasu bayanai na BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'ura, a daidai lokacin da na'ura ke karanta su. Shi ya sa wayoyinsu suka kai kusan 20.

Na biyu mai sa na'ura tuntuɓe ne. Na'urorin baya-bayan nan ba sa karɓar manhaja sai mai sa hannun kamfani, kuma wannan sa hannun ba ya ƙirƙiruwa. To sai masu kutse suka koma kan mai binciken kansa. Ka ɗauka mai gadi ne yake duba katin shiga a bakin ƙofa: cip ba ya buga katin bogi, jira yake sai daidai lokacin da mai gadin ya ɗaga katin zai duba, ya sa shi ya ƙifta ido. A Xbox 360, dabarar da wasu masu kutse biyu da ake kira GliGli da Tiros suka fitar a 2011, wadda aka sani da RGH, tana aika wa ƙwaƙwalwar na'ura wani ɗan bugu ta layin sake kunnawa. A Switch kuwa wutar ƙwaƙwalwar ake janyewa na ɗan lokacin da bai kai ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Switch na farko-farko ba ya ma buƙatar cip, don a 2018 an gano wata kafa a ƙwaƙwalwarsa ta Tegra X1 ta kamfanin Nvidia. An toshe kafar a waɗanda aka ƙera daga tsakiyar shekarar, sannan Switch Lite na 2019 da OLED na 2021 duk sun zo a toshe. Su ne ake saka wa cip irin su HWFLY da Picofly.

Me ya sa waya ɗaya ke iya kwantar da gem gaba ɗaya?

Cip ba shi da hanyarsa ta kansa. A kan layukan da na'urar ke amfani da su wajen tashi ake rataya shi, saboda haka duk abin da ya taɓa wayarsa ya taɓa na'urar.

Idan waya ta cire ko ba ta kama ba, sau da yawa cip ɗin ne kawai ke makancewa, gem ya tashi kamar ba a taɓa shi ba. Idan kuwa waya ta taɓa maƙwabciyarta ko ta taɓa ƙarfen murfi, layin na'urar ne aka toshe, kuma ba za ta tashi ba ko da cip ɗin lafiyayye ne. A PS2 akwai hali na uku a tsakani: cip na ganin wasu layukan BIOS, ba ya ganin ɗaya, sai ya yi gyaransa a gurbin da ba daidai ba, na'ura ta karanta shirme ta tsaya cik.

Sai batun da masu koyo suka fi rainawa, wato tsawon waya da hanyar da ta bi. Saƙon da ke gudu a waɗannan layuka yana sauyawa sau miliyoyi a daƙiƙa guda. Doguwar waya tana jinkirta shi, tana kuma kwaso hayaniyar wuta daga duk abin da ta gilma. Masu aikin RGH sun daɗe da sanin cewa idan wayar layin sake kunnawa ta bi ta kusa da naɗaɗɗun wayoyin da ke daidaita wuta a fanel, Xbox ɗin da ya kamata ya tashi nan take sai ya ɗauki mintuna yana gwadawa, ko ya ƙi sam. Babu abin da ya ƙone, babu abin da ya cire. A kawar da wayar gefe da santimita biyu, a ga ya tashi. Haka wayar ƙasa, wadda ake rubuta wa GND: ita ya kamata ta fi kowace kauri da gajarta, domin da ita cip ke auna kowane saƙo. Wanda ya ja ta da siririyar waya daga can ƙarshen fanel, ya gina aikin duka a kan ma'auni mai rawa.

Inda dalma ke cin amana

Dalmar da ta kama da kyau tana kwanciya ne ta malale a jikin gurbi da waya, ta rungume su, fuskarta sumul. Wadda ba ta kama ba, idan ka dube ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka gan ta a dunƙule a saman gurbin, gefenta bai manne ba, akwai wani siririn layi baƙi tsakaninta da jan ƙarfen. Da ido tsirara ba za ka bambance su ba. Mita, wato na'urar auna wuta da haɗi, ma tana iya yaudararka, domin da ka danna tsinken mita a kai, ka matse haɗin da hannunka, sai ta yi ƙara ta ce komai daidai. Ka ɗaga tsinken, haɗin ya sake buɗewa. Irin wannan ne ke sa gem ya yi aiki a teburin mai gyara, a kai shi gida a kan babur, ya ƙi tashi.

Dalilinsa yawanci zafi ne da bai isa ba. Dalma mai gubar darma ta gargajiya tana narkewa a digiri 183. Wadda kamfanoni suka koma amfani da ita tun da Tarayyar Turai ta hana darma a kayan lantarki a 2006 sai ta kai wajen 217. Ke nan fanel ɗin Switch ya fi na tsohon PlayStation son zafi, kuma duk gurbin da ke haɗe da faffaɗan jan ƙarfen ƙasa yana zuƙe zafin ƙarfen liƙi kafin dalma ta narke. Mai aiki da ƙarfen da ba a saita zafinsa sai ya ga ba ta kama ba, ya ƙara dannawa, ya ƙara jimawa. A nan ake samun babbar ɓarna: gurbin jan ƙarfen ya ɓamɓaro daga jikin fanel ya biyo bakin ƙarfe. Maganin ba danna ba ne. Man liƙi ne, wanda masu gyara ke kira fulos, da bakin ƙarfe mai tsabta, da a fara shafa wa waya da gurbi dalma kowanne daban kafin a haɗa su.

Gada ita ce matsala ta biyu, wato dalma ta tsallaka ta haɗa ƙafafu biyu. A ƙafafun BIOS na PS2, inda tazara ba ta kai milimita ɗaya ba, zaren waya guda da ya balle ya isa. Shi ya sa ake amfani da waya mai ƙwaya ɗaya, mai lamba 30, a kuma feƙe bakinta kaɗan ƙwarai yadda tsiraicinta ba zai wuce gurbin ba.

Ta uku ba a ganinta sai an rufe na'ura. Murfin ƙarfen da ke kan fanel yana danne waya ya huda rigarta, ko ƙusa ta bi ta kanta, ko bayan cip ɗin ya kwanta a kan ƙarfe babu tef mai jure zafi a tsakani. Duk gem ɗin da ke tashi a buɗe ya mutu a rufe, a nan za a fara nema.

Alamar da gem ke nunawa tana da ma'ana

A PS2, baƙin allo tun daga kunnawa, babu hoto babu sauti, ya fi nuni ga wayoyin BIOS ko layin sake kunnawa. Idan ya tashi lafiya, yana karɓar faifan asali, amma na kwafi ya kai shi jan allon nan mai cewa a saka faifan PlayStation, to a duba wutar cip da wayoyin da suka tafi sashen faifai. Idan wasannin PS2 na tashi amma na PlayStation na farko sun ƙi, waya ɗaya ce ke da wannan aikin, ita za a bi. Akwai kuma abin da ke rikita ko gwanaye: an sauya fasalin fanel ɗin PS2 fiye da sau goma, kuma kowane fasali da taswirarsa. Lambar da ke bayan akwati, mai farawa da SCPH, ba ta wadatar ba, musamman a kayan gwanjo da aka sha sauya wa akwati. Lambar da ke jikin fanel, mai farawa da GH, ita ce gaskiya. Wanda ya yi aiki mai tsabta da taswirar wani fasalin daban, mita za ta ce masa kowace waya ta kama, alhali ba a gurbinta take ba.

A Switch an sami sauƙi ta wani ɓangare, domin cip ɗin yana da 'yar fitila. Picofly, wanda aka gina a kan ƙwaƙwalwar RP2040 ta kamfanin Raspberry Pi, yana ƙifta fitilar gajere da dogo, kuma jerin ƙiftawar na faɗin wanne ne bai gani ba cikin layuka huɗu da ake rubuta wa CMD, CLK, DAT0 da RST, ko kuma cewa yana janye wutar amma ƙwaƙwalwar ba ta ji ba. Wannan na ƙarshe ya fi nuni ga siririn fallen da ake liƙawa a kan wasu kafasita biyu a jikin ƙwaƙwalwar, waɗanda tsawonsu bai kai milimita ɗaya ba. Abin takaici shi ne mutane da yawa suna ganin ƙiftawar su ce "cip ya lalace", su ciro shi su saka wani a kan wayoyin da suke da matsalar, alhali cip ɗin yana faɗa musu inda ciwon yake.

Wurin da ya fi ko'ina wahala shi ne DAT0 a Switch OLED, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A wannan samfurin an liƙe ma'ajiyar bayanai a jikin fanel, kuma layin da ake nema yana ƙarƙashinta, cikin jerin ƙananan ƙwallayen dalma da ba a gani. Hanya mafi sauƙi ita ce a zura wani siririn falle ta ƙarƙashin ma'ajiyar har bakinsa ya dafa ƙwallon da ake so, sannan a liƙe gindinsa a waje. Dafawa ce kawai, ba liƙi ba. Na'ura na zafi tana hucewa, ana ɗaukarta ana ajiyewa, bayan makonni ko watanni sai fallen ya ja baya da kaurin da ido ba ya gani. Mai ita ya kunna wata rana ya ga ta koma manhajar kamfani, ko ta tsaya tana ƙifta fitila. Idan kuma an tura fallen ya zarce, ya taɓa ƙwallo biyu, ba ta tashi ko kaɗan. Hanyoyin da suka fi ɗorewa biyu ne, kuma duka suna da hatsari: a ɗaga ma'ajiyar da iska mai zafi a liƙa waya a mayar, ko a kankare fanel daga ɗaya gefen, falle bayan falle, har a kai ga layin a ciki. Ta biyun masu yinta da kansu suke kiranta kamikaze. Kuskure kaɗan, an yanke layin da ba ya gyaruwa da sauƙi.

Ta ina ake fara bincike?

Tun kafin a taɓa ƙarfen liƙi ake farawa. A kunna gem a gaban mai shi, a gwada faifai ko kaset na asali, hannun buga wasa, sauti da caji. Wanda bai yi haka ba, duk cutar da na'urar ta zo da ita ta zama tasa.

Idan matsala ta bayyana bayan aiki, a cire wuta da batir, a wanke wurin da sifirit mai ƙarfi, a duba da madubi. Daga nan sai mita, kuma tambaya biyu ake yi wa kowace waya: ta isa inda aka aike ta? Ta taɓa inda ba a aike ta ba? Yawancin masu koyo ta farkon kawai suke yi. Wajen auna ta farko, kada a ɗora tsinke a kan dalmar da ake zargi, a nemi wani wuri can gaba a kan layin. A na'urori irin Switch, inda ba a iya kai wa ɗaya ƙarshen layin, ana juya mita zuwa ma'aunin dayod a auna tsakanin layin da ƙasa. Sifili na nufin gada, rashin lamba na nufin ba a taɓa komai ba, lamba a tsakani kuwa sai a gwada ta da ta na'ura lafiyayya a mita ɗaya, tunda mita ta bambanta da mita.

Sai wuta: cip na samun abin da ya nema? Wasu volt 3.3 suke so, wasu 5, kuma wanda aka ba fiye da ƙima ba ya dawowa.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, a warware wayoyin daga ɓangaren fanel, ba daga ɓangaren cip ba, a kunna gem tsirara. Ya tashi, to ba a yi ɓarna ba, aikin ne za a sake. Bai tashi ba, akwai abin da ya taɓu a fanel: rasista da ta fita, layi da ya yanke, ko fiyus da ya tafi. Sai bayan nan ne ake da hujjar zargin cip ɗin kansa. Ba a cewa jabu babu. Akwai su, musamman kwafin Matrix da suka cika kasuwa, waɗanda wasunsu ke mutuwa idan aka yi ƙoƙarin sabunta manhajarsu. Amma sauya cip kafin a auna waya, ɗumama gurbi ɗaya ne sau biyu ba gaira ba dalili, kuma gurbi ba ya jure ɗumi da yawa.

Laifukan da ake ɗora wa cip alhali ba nasa ba ne

A nan yanayinmu ya shigo. Wutarmu volt 230 ce, amma babban PS2 da aka ƙera don Amurka ko Japan, da tubalin wutar Xbox 360 na can, na 100 zuwa 120 ne. A soka su kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba, sun tafi. Wasan da aka buga don Amurka kuma, a tsohuwar talabijin da ba ta san tsarin hoton Amurka na NTSC ba, yana fitowa fari da baƙi ko yana birgima, kuma wannan ba ruwan dalma.

Idon da ke karanta faifai shi ma yana ɗaukar kaso mai yawa. An daina ƙera PS2 tun farkon 2013, bayan an sayar da sama da miliyan 160, saboda haka mafi ƙuruciyarsu ya haura shekara goma. Ido mai rauni yana iya karanta faifan asali ya kasa na kwafi, tunda na kwafin bai kai shi mayar da haske ba, sai a ce cip ne. Siririn PS2 na farko, jerin SCPH-70000 na 2004, an san shi da ƙona naɗin wayar idonsa idan ya yi ta fama da faifai mara kyau, har masu saka cip suka ƙirƙiro ƙarin kariya da ake liƙawa tare da cip ɗin.

Sai hunturu. Busasshiyar iska na sa jikin mutum ya tara wuta, irin wadda kake ji ta tsunkule ka idan ka taɓa ƙofar mota. Wadda ba ta kai ka ji ba ma ta isa ta raunata ƙwaƙwalwar na'ura. Haka ƙarfen liƙi mai araha da ke yoyon wuta ta bakinsa, a soket ɗin da ba shi da wayar ƙasa, a kan janareta. Masu gyaran waya a kasuwanni irin Farm Centre a Kano sun san wannan sarai, kuma a ganina wanda ya saba da fanel ɗin waya a ƙarƙashin madubi ya fi cancantar taɓa Switch fiye da wanda ya shekara ashirin yana saka wa PS2 cip da ido tsirara.

Me ɓangarori ke cewa?

Kamfanoni suna kallon cip a matsayin ƙofar satar fasaha, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, domin mafi yawan masu saka shi wasannin kwafi suke nema. A Amurka dokar DMCA ta 1998 ta haramta sayar da kayan tsallake irin wannan tsaro. Da ita aka kama Gary Bowser, ɗan Kanada da ke aiki da ƙungiyar Team Xecuter masu cip ɗin SX na Switch, aka yanke masa wata 40 a 2022, da biyan dala miliyan 4.5, ban da wata miliyan 10 da ya amince zai biya Nintendo a shari'ar diyya. A Ingila kotu ta ba Sony gaskiya a 2004 kan cip ɗin Messiah na PS2.

Ɗaya ɓangaren suna cewa wanda ya sayi na'ura da kuɗinsa yana da ikon buga wasan da ya saya daga wata ƙasa, ya gudanar da manhajar da masu sha'awa suka rubuta, ya kuma ci gaba da morar na'urar bayan kamfani ya watsar da ita. Babbar kotun Ostireliya ta ba wani mai saka cip, Eddy Stevens, nasara a kan Sony a 2005, ko da yake an gyara dokar ƙasar daga baya. A 2014 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Nintendo da kamfanin PC Box na Italiya, ta ce a riƙa duba ko tsaron ya wuce gona da iri, da kuma abin da mutane ke yi da na'urar a zahiri. A Najeriya, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ƙunshi hani kan tsallake matakan tsaro na fasaha, abin da ya kamata mai yin wannan aiki a matsayin sana'a ya sani.

Ra'ayina shi ne hujjar mai na'ura tana da ƙarfi sosai a kan kayan da kamfani ya daina ƙerawa ya daina sayar wa wasanni, tana kuma raguwa a kan wanda ke kasuwa yau.

Mai gem fa, me ya shafe shi?

Asara kusan kullum a kansa take faɗawa. Garanti ya tafi da an buɗe na'ura. Switch ɗin da aka yi wa kutse, idan ya shiga intanet ɗin Nintendo, yana iya cin toshewar da ba a ɗagewa, kuma toshewar na bin na'urar ne, har zuwa hannun wanda ya saye ta a gwanjo. Mai gidan gem kuwa, kowace rana da allo ɗaya ke kashe cinikin ranar ne ya tafi.

Don haka tambayar farko ita ce ko ana ma buƙatar cip ɗin, kada garin neman gira a rasa ido. Mafi yawan PS2 yanzu ba sa buƙata. Manhajar FreeMcBoot tana zama a memori ta tayar da na'ura ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba, kuma da Open PS2 Loader ana buga wasa daga rumbun ajiya, idon faifai ya huta. Jerin SCPH-90000 na ƙarshe-ƙarshe ne kawai suka toshe wannan hanya. A Xbox 360, RGH3 da ya fito a 2021 ya kawar da cip, ya bar 'yan wayoyi, sai dai fanel na ƙarshe mai suna Winchester ba ya karɓar wannan dabara.

Idan aikin ya zama dole, a yi magana a fili kafin a kwance ƙusa: in fanel ya taɓu, wa zai ɗauka, kuma kwana nawa mai gyara ya lamunce wa aikinsa? Ga mai OLED, ya tambayi ta wace hanya za a kama DAT0, domin farashi mai sauƙi yawanci na fallen dafawa ne, kuma lamunin kwana uku ba ya kama cutar da sai bayan wata biyu take fitowa. Ga Xbox 360 da Switch, ya nemi a kwafe ainihin bayanan ma'ajiyar na'urar kafin a sauya komai. A Xbox sau biyu ake karantawa a gwada kwafin da juna, domin waya mara kyau tana ba da kwafi mai kuskure ba tare da ta nuna ba. Bayanan nan suna ɗaure da mabuɗan da na'urarka kaɗai ke da su, na wata ba sa yi mata aiki. Ka karɓi kwafinka a filash ka tafi da shi gida, kada ka bar shi a kwamfutar shago.